Idanu Biyu Ba Su Isa Ba

Ranar Talata, tara ga watan Disamba, Allah ya karɓi ran Ardith Beal a gidanta da ke bakin teku, saura kwana goma sha biyu a yi ƙidayar tsuntsaye ta bana. Ta rasu tana da shekara saba'in da takwas. 'Yarta Corinne ce ta kira ni da hantsi, na ajiye wayar na zauna a kicin har shayina ya huce.

Ardith, ni ba mai ilimi ba ce, a masana'antar gyaran kifi na ƙare ƙuruciyata, don haka ki yi haƙuri da rubutun.

Shekara goma sha tara ke nan da kika buga mini ƙofa, a hunturun shekarar da teku ya ci mijina. Wata uku ban fita ba sai sayen burodi. Kika tsaya da hular ulu har kunne, kika ce, "Lorna, sa takalminki. Ido nake nema."

Na ce ban san ko tsuntsu ɗaya ba.

"Wa ya tambaye ki sani? Kallo kawai za ki yi, ko shi ma sai an koya miki?"

A mota kika yi mini bayani. Dokar ƙungiyarmu ta masu ƙidayar tsuntsaye ce, duk tsuntsun da ba a saba gani ba, ba a rubuta shi sai mutum biyu sun gan shi. Shekara guda kafin nan kin ga farar mujiyar arewa a kan duwatsun Ƙarshen Tsibiri ke kaɗai, aka ƙi rubutawa. Abin ya tsaya miki a rai.

Tun daga nan, kowace shekara mu biyu ne a wannan yankin. Ke da madubin hangen nesa, ni da littafi da fensir, don biro daskarewa yake yi. Muna ƙirga agwagin teku iska tana yankan fuska. In na yi kuskure ki ce, "Wannan alamar tarkon masunta ce take yawo a ruwa, uwar gani!" In hannuna ya sandare ki cire safar hannunki ki ba ni, ki ce zafi kike ji. Mujiyar nan dai ba ta sake zuwa ba.

Bana Alton, mai haɗa lissafin ƙidaya, ya ce zai ba wasu yankinmu, don kada in tsaya a kan duwatsu ni kaɗai. Na ce a bar mini shi.

Na tafi da asuba da filas ɗin romon kifi, da mantuwa na ɗauko kofi biyu. Dusar ƙanƙara ta rufe hanya, babu sawun kowa sai nawa. Na ƙirga agwagi ɗari biyu da sha huɗu. Wajen azahar na ɗaga kai, sai ga ta a kan dutse, fara sol, idanunta rawaya, tana kallona ba ko tsoro. Na juya na ce, "Ardith, kin gani?" Babu kowa sai ƙarar ruwa.

Da yamma a zauren coci Alton yana kiran sunayen tsuntsaye ana amsawa. Na ce na ga farar mujiya. Ya cire tabarau ya ce, "Ke da wa, Lorna?" Na ce ni kaɗai. Ya wuce zuwa suna na gaba, bai rubuta ba. Ban ji haushinsa ba. Ke ma da ba za ki yarda a karya dokar ba.

Corinne ta raka ni mota. Ta ce a shekarar da kika buga mini ƙofa, mutum huɗu ƙwararru suka nemi su bi ki, kika ƙi, kika ce akwai wadda labulenta bai buɗe ba tun kaka.

Ashe ba ido kike nema ba.

A layinmu akwai Maxine, wadda ta binne mijinta a watan Oktoba. Labulenta a rufe yake. Jiya na buga mata ƙofa, na ce ta nemi takalmi mai kauri, ido nake nema.

Allah ya jiƙanki, Ardith, ya yafe miki kurakuranki, ya sa kin huta. Corinne da sauran dangi, Allah ya ba ku haƙuri, ya ba mu mu ma da kika bari a bakin ruwa.

Lorna Alley