Ƙwaryar Masu Kaushi

A shekarar da ƙasarmu ta sami 'yancin kai ina 'yar shekara goma sha huɗu, kuma a shekarar fuskata ita ma ta daina jin maganar kowa. Ƙuraje suka fito mini a goshi da haɓa, wani na warkewa biyu na tasowa. Abin haushin shi ne a gidan mai gyaran fuska nake. Goggota, yayar babana, ita ke riƙona a unguwar Sabonjida tun da mahaifiyata ta sake aure ta koma Kumasi, kuma daga unguwar Tishigu har ta Nyohini duk budurwar da ƙuraje suka dama wurinta ake kawo ta.

Goggo ba ta ba mutum magani don kawai ya faɗi abin da ke damunsa. Sai ta sa ki wanke fuska da ruwa zalla, ki zauna a inuwa kamar tsawon dahuwar shinkafa, sannan ta danna farin ƙyalle a goshinki ta ɗaga shi a rana. In ya nuna maiƙo, ke da man kaɗanya kun rabu ke nan, ko da kakarki ta rantse shi ne maganin komai. A garin da ake shafa wa jariri man kaɗanya tun kafin a raɗa masa suna, wannan hukunci ba ƙaramin faɗa yake jawowa ba. Goggo ko a jikinta.

Ƙwarya uku gare ta na abin gurza fata. Ta farko garin shinkafa ne mai laushi da aka tankaɗe a ƙyalle, na 'yan mata irina. Ta biyu dusar gero ce da zuma, ta matan da fatarsu ta yi ƙwari. Ta uku gishiri ne da dakakken ɓawon ƙwai da lemun tsami, ta Fulani masu tallar nono da ke shigowa daga bayan gari da faso a dugadugai. Ita wannan a ƙasan rumbu take ajiye ta.

Ni an yanke mini kumfar baƙin sabulun nan na alata safe da yamma, garin shinkafa kuma sau ɗaya daga kasuwa zuwa kasuwa. In na yi ƙorafi sai ta ce, "'Yata, fuska ce, ba gindin tukunya ba."

Ana haka sai wani mai hoto ya kafa akwatinsa kusa da tashar mota, da sabuwar tuta a bayansa, kowa na zuwa a ɗauke shi. Goggo ta ce ran Juma'a za ta kai ni, a aika wa mahaifiyata hoton ta hannun wani direban lori maƙwabcinmu. Shekara shida ke nan Mma ba ta gan ni ba. Ta bar ni da giɓin haƙori, kuma ina so ta buɗe takardar nan ta ga budurwa, ta ji zafin abin da ta bari. Gaskiya ke nan, ina kewarta kuma ina fushi da ita, kuma duk na ɗora wa fuskata wannan aiki.

Kwana huɗu suka rage, garin shinkafa kuwa tafiyar hawainiya yake. Na sha ganin Bafulatana ta zauna da dunduniya kamar bayan kada, Goggo ta gurza mata abin ƙwarya ta uku, ta tashi da ƙafa sumul. Sai na yi lissafi irin na masu wayo: abin da ya iya da dunduniya, ƙurji ɗan mitsitsi me zai gagare shi? Ranar Talata Goggo ta tafi gidan suna, na ja ƙwaryar na shiga bayan ɗaki. Ya yi zafi, na ce alamar yana aiki ce. Na ƙara lemun tsami.

Da ta dawo ta tarar da ni ina fifita fuska da faifai, hawaye na zuba, shi ma hawayen ƙara raɗaɗi yake. Ta dube ni, ta leƙa ƙasan rumbu, ta sake dubana.

"Sannu da aiki," in ji ta. "Yanzu sai ki juya ki riƙa tafiya a kan fuskar, tunda kin mai da ita dunduniya."

Ba ta doke ni ba, da ma dukan ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta wanke ni da ruwan randa, ta shafa mini zuma, ta hana ni sabulu da rana. Duk wadda ta zo gyaran fuska a kwanakin nan sai an kira ni na tsaya ta gan ni, wai darasi ne kyauta.

Ran Juma'a wuraren duk sun yi ɓawo baƙi. Na roƙi Goggo a ɗaga zuwa wani watan. Ta ce direba gobe zai tashi, kuma uwa ba ta bukatar a yi wa 'yarta fenti. Mai hoton, wani Badagombe mai fara'a da Hausa ba ta zauna masa ba, ya leƙo daga cikin baƙin mayafinsa ya ce, "Yarinya ya yi faɗa da kyanwa ne?" Goggo ta yi dariya har da riƙe ciki. Ni kuwa na tsaya ƙiƙam gaban tuta, na ɗaure fuska, aka ɗauka. Da hoton ya fito na ƙi kallonsa sau biyu. Na tabbata Mma za ta gani ta gode wa Allah da ta yi nisa.

Bayan kwana takwas ina tsakar gida ina tankaɗe, ɓawon duk ya zube, sai ga wata mata ta faɗo ko sallama babu, mayafi da hoton nan nawa a hannu, ƙafa ɗaya ba takalmi. Ban gane ta ba sai da ta yi magana.

"Yaya, ina take? Agana ta kama mini yarinya ba a aiko mini ba?"

Goggo ta nuna ni da muciya. "Ga mai aganar nan. Abin gurza kaushi ta shafa don ta yi miki kyau."

Mma ta kama fuskata da hannu biyu, ta juya ta hagu, ta juya ta dama, tana neman cutar da ta hana ta cin abinci tun daga Kumasi. Ba ta samu komai ba sai ƙuraje biyar a haɓa. Ta ce mini sakarya, ta ce mini mara hankali, ta ce da na makance fa. Tana faɗa tana kuka, kuma har ta gama faɗan ba ta saki fuskar ba.