Katakon da na yanke a Jidda

Zan iya manta abubuwa da yawa na zamana a ƙasar nan, amma ban da wata Talata da na kusa kifar da gida mai hawa huɗu a kan wata tsohuwa, da hannuna, kuma ina cikin hankalina. Shekaru sun ja, gemuna ya yi furfura, amma har yau in na ji yashi yana zuba daga jikin bango sai gabana ya faɗi.

A lokacin ina zaune a unguwar Mansur, ina aikin famfo, wato sabbak kamar yadda ake ce mana a nan Makka. Na zo daga Kano da iƙamata, wato takardar izinin zama, na ja bututu a dogayen otal-otal na kusa da Harami, kuma wannan ya sa kaina ya kumbura. Duk ginin da ba siminti da rodi ba, a wurina kango ne. Matata kan ce da ni, "Kai dai da a ce ana sayar da sani-na-ke a kasuwa, da tuni mun yi gidan kanmu." Ni kuwa sai in ce ai gaskiya ce ba ta son ji.

Akwai wani dattijo maƙwabcinmu da ke sayar da asuwaki a ƙofar masallacin layinmu. Kowa Ma'allim yake ce masa, wato gwanin sana'a, ni kuma na ɗauka don tsufa ne kawai ake girmama shi. A Jidda aka haife shi. Mahaifinsa Bagobiri ne da ya zo aikin Hajji da ƙafa, bai koma ba. Tsufa ne ya kawo dattijon Makka wurin 'yarsa. Hausarsa ta ubansa ce, ya cuɗa ta da Larabcin Jidda, kuma ba shi da hira sai ta tsofaffin gidajen Balad, tsohuwar unguwar da ke bakin teku. Ya ce dutsen da aka gina su da shi daga ruwa ake saro shi, yana fitowa da taushi, sai ya sha iska ya yi ƙwari. Ya ce manyan magina 'yan gari ne, amma sara da dako da kwaɓa laka mutanenmu ne, har wasu irin mahaifinsa suka koyi ɗora dutse. Wata rana ya ce mana, "In gindin gida ya ruɓe ba mu rushe shi. Rataye shi mukan yi, mu sake mai gindi, masu gida suna sama suna shan shayinsu."

Na yi dariya har da buga cinya. Na ce, "Baba, ka bar wannan ga jikoki, mu mun wuce tatsuniya." Bai ji haushi ba. Ya dai ci gaba da ɗaure asuwakinsa.

Wannan kafin hukuma ta sa ido a kan gidajen nan ne. Masu su sun daɗe da komawa sababbin unguwanni, sun bar wa talakawa 'yan haya. Wakilin wani gida a can Balad ya neme ni in je in fitar da bututun banɗaki daga hawan ƙasa zuwa titi. Da dattijon ya ji sunan lungun, sai ya ajiye asuwaki ya riƙe mini hannu. Ya ce, "Don Allah ka tai da ni. Gidan ga ni da ubana munka yi mai gyara, ina saurayi. In gan shi ko sau guda kahin in mutu." Ban so ba, don na san zai cika ni da surutu a hanya. Kunyar 'yarsa ce ta sa na buɗe masa ƙofar mota.

Mun isa da hantsi, iskar teku mai ɗanɗanon gishiri tana manne wa mutum riga a jiki. Gidan dogo ne, ya ɗan sunkuya, tagoginsa na katako masu sassaƙa sun turo kai waje. Wata mata 'yar Maradi mai sayar da abinci ce ke haya a hawa na uku. Ta sauko mana da shayi, ta roƙe ni in rage buge-buge, domin mahaifiyarta na sama a kwance, ɓarin jikinta ya shanye, shekara biyu ba ta taka matakala ba. Na ce ta kwantar da hankalinta, aikin awa ɗaya ne.

Na auna inda bututun zai bi, na fara fasa bango. Wani ya taɓa shafe gindin da siminti, ina ɓamɓare shi sai ga dutsen ciki ya jiƙe, yana marmashewa a hannu. Ban damu ba. Kamu biyu da shiga sai na ci karo da baƙin katako, kwance a cikin bangon, ya bi tsawonsa, daidai inda nake son wucewa. Dattijon, wanda tun isowarmu yake ta shafa bango kamar mai gaida ɗan'uwa, ya leƙo ya ce, "Wanga shi ne takalil. Kada ka taɓa shi, ya waladi, ɗana. Ka bi ta ƙasa ko ka canza wuri."

Na ce in na bi ta ƙasa ruwa ba zai gangara ba, in na canza wuri kuma yini zan yi.

Ya ce, "To ka yini. Kowane kamu shida muna kwantar da icce, shi ka ɗauke nauyi ya raba. Dutsen ƙasa ya mutu, ka gani da idonka. Siminti ya hana shi numfashi, gishiri ya cinye shi. Yanzu iccen ga kaɗai ka riƙe da matakala."

Na ce, "Na ji, Baba." Amma a raina cewa nake, yaushe katako mai kaurin cinyata zai riƙe bene? Na ga rodi mai kaurin hannu, na ga injin da ke ɗaga siminti sama da hasumiya, sai mai asuwaki ne zai koya mini gini? Da aka kira azahar ya tafi masallaci, na ce ina zuwa. Yana shan kwana na jona injin yanka. Minti uku bai cika ba na cire guntu mai tsawon taki ɗaya, na jefar da shi gefe, har ina jin daɗin yadda ya yanku sumul.

Abin da na fara ji shi ne wata 'yar ƙara, ƙas, kamar an karya busasshen kara. Sai yashi ya fara zubo mini a wuya. Na ɗaga kai. A kan idona wata tsaga ta buɗe daga ramin da na yi, ta yi sama tana bin jikin matakala, farar ƙasa tana fashewa tana zubowa. Dutse ɗaya ya turo ciki waje, ya tsaya. Daga sama na ji matar tana tambaya, "Malam, mi ya faru? Ƙofarmu ta ƙi buɗuwa." Na san me wannan ke nufi: gidan ya motsa, ya danne ƙofar, kuma hanyar saukowarsu ɗaya ce, matakalar da na cire wa ƙafa.

Ba zan ɓoye ba, zuciyata ta raya mini in gudu. Motata na bakin lungu. Har na juya, sai muka yi kiciɓis da dattijon, ya jiyo ƙarar injin ya dawo tun bai yi salla ba, goshinsa da sauran danshin alwala. Ya dubi tsagar, ya dubi injin da ke hannuna. Na jira zagi. Bai zage ni ba, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ya ɗaga kai ya ce wa matar, "Ɗiyata, ku zamna tsakiyar ɗaki. Kada ki bugi ƙohwa, kada kowa ya taka matakala sai na ce."

Daga nan mutumin da na sani yana lallaɓawa da sanda ya zama wani daban. Ya fita lungu yana ba da umarni da Larabcin Jidda irin na da, wanda ni ko rabinsa ban gane ba. Wani kafinta ya buɗe shagonsa ya fito da dogayen katakai, 'yan dako biyu suka ajiye kurarsu suka zo. Ya kai kunnensa jikin bango, yana ƙwanƙwasawa da sandarsa, har ya gano katako na gaba da ke sama da wanda na yanke. Ya nuna mini wuri biyu a ƙarƙashinsa ya ce, "Huda nan da nan. Da hannu, a hankali. In ka sa inji mun mutu." Na huda, yashi na zuba a idona. Muka zura gajerun katakai masu kauri ta ramukan, muka tokare su ciki da waje, shi kuma yana buga 'yan tsinken katako a gindin kowace tokara, bugu ɗaya, ya saurara, ya ƙara ɗaya. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba, na dai san an kira la'asar muna kai. Can sai yashin ya daina zuba. Ya ɗora tafinsa a kan tsagar ya daɗe, sannan ya ce, "Halas, shi ke nan. Ya rataya."

Abin da na yi wa dariya a ƙofar masallaci ke nan, ga shi a gabana: bene yana tsaye a kan katakai, gindinsa a wofi.

Ya juyo gare ni ya ce, "Kai ka yanke, kai za ka ɗauko ta. Ka bi gefen bango na dama, kada ka yi gudu." Na hau. Kowace taka sai na ji kamar ita ce ta ƙarshe. Na ɓalle ƙofar, ni da 'yarta muka naɗe tsohuwar a bargo, na goya ta. Ba ta da nauyi ko kaɗan, numfashinta na sauka a wuyana. Ba ta san ni ne na jawo abin ba. Tun daga sama har ƙasa addu'a take mini da rabin bakinta: "Allah ya yi maka albarka, ɗana. Allah ya tsare ka yadda ka tsare ni." Ban taɓa jin addu'ar da ta ƙona ni kamar wannan ba. Na sauke ta a inuwar shagon kafinta, na koma gefe, na zauna a ƙasa.

Na ɗauka tashin hankalin ya ƙare. Sai na hango dattijon a tsugune inda na jefar da guntun katakon. Ya ɗauke shi, yana goge shi da bakin rigarsa, ya ƙura masa ido. Na matsa in ba shi haƙuri, sai na ga hawaye yana bin gemunsa. Ya miƙo mini. A jikin katakon akwai zane da bakin wuƙa, layuka a jere, wasu dama wasu hagu, sun haɗu a wuri ɗaya. Injina ya bi ta gefensu ya cinye biyu.

Ya ce, "Tsagar huskar ubana ce. Bai iya rubutu ba. Duk iccen da ya kwantar da hannunai sai ya yi mai tsagar Gobir, ya ce ko ba a san sunanai ba, bango ya sani." Ya share hawayensa, ya ce, "Ba shi da takarda, ba shi da hoto, kabarinai ma ban san wane ne ba. Shekara hamsin ban ga huskar ga ba sai yau."

Na durƙusa a gabansa cikin ƙurar da na tayar, na ce, "Ma'allim, ka yafe mini." Ranar ce na fara kiransa da sunan nan ina nufinsa. Ya ce, "Tashi. Da ba ka yanke ba da ban gan shi ba. Amma da tsohuwar ga ta mutu, da ni da kai ba mu da bakin magana gaban Allah."

Kwana tara muka yi muna sake gindin bangon, yana zaune a kujera yana nuni da sanda, ni ina ɗora dutse da farar ƙasa, ba siminti ko cokali ɗaya. Bututun kuwa ta wani gefen na bi da shi, kuma yinin da na ƙi yi tun farko shi ya ɗauka. Guntun katakon ya taho da shi Makka a cinyarsa. Da ya rasu, 'yarsa ta ce a ƙarƙashin matashinsa ta same shi.

Abin da ranar nan ta koya mini shi ne, duk abin da na tarar a kwance a inda ban sa shi ba, akwai wanda ya kwantar da shi, kuma yana da dalili, ko da sunansa bai zo kunnena ba. Tun daga lokacin ban ƙara jona inji a jikin tsohon bango ba sai na nemi tsohon da ya san shi, na zauna, na rufe bakina.