Ƙaryar da Na Yi wa Sista Marisel a Ƙofar Asibiti

Shekara biyar ke nan da muka binne Sista Marisel, in har abin da aka yi ranar ya isa a kira shi jana'iza. Ba suna ba ne da masu karatu suka sani. Nas ce ’yar ƙasar Filifin, ta yi shekara goma sha ɗaya tana aiki a wani asibitin kuɗi da ke Khartum ta hanyar Soba, inda ni kuma nake mataimakiyar jinya. Sunana Hajara, Bahaushiyar Umdurman ce, birnin da ke tsallaken kogi daga Khartum, iyayena cirar auduga suka yi a gonakin yankin Jazira kafin su shigo birni. Duk shekara nakan ɗauki alƙalami in ajiye, domin babu yadda zan faɗi mutuwarta ban faɗi abin da na yi ba.

’Yar ƙaramar mace ce, ga saurin tafiya, ga masifar tsabta. Hajiya Sabulu muke kiranta a bayan idonta, da ta gano sai ta riƙa amsawa. In ta ga ka taɓa majiyyaci ba ka wanke hannu ba, ko kai babban likita ne sai ka sha faɗa da Larabcinta mai karyayyen wuya. Ta zo ƙasar nan lokacin da sojoji suka yi kaka-gida a kan mulki, ta bi layin burodi tare da mu, ta ɗinke yaran da aka fasa wa kai a zanga-zanga. Sau da yawa ’yan ƙasarsu sun tattara sun tafi, ita ta zauna, saboda ’yarta Liza da ta bari wurin kaka tana karatu. Ranar hutu takan tsallako gada ta zo gidanmu, ta ci tuwo miyar kuka tana hawayen barkono. Mahaifiyata, Inna, ba ta wahalar da harshenta ba, Maryama kawai take ce mata.

Da korona ta shigo, mutanen unguwarmu ba mutuwa suka fi tsoro ba. Mun saba da ita. Abin da ya firgita tsofaffi shi ne ɗakin killacewa, wanda muke kira azal. Labari ya bazu cewa duk wanda ya cika a can ba a yi masa wanka, leda ake naɗe shi, baƙi su binne shi, kuma babu bika, wato zaman makoki. Don haka kowa ya koyi cewa malariya ce. Wani tsoho maƙwabcinmu ya rasu da irin wannan malariyar, Inna ta kwana uku a zaman makokinsa, ana musabaha, ana kuka a kafaɗar juna, ana shan ruwa a kofi ɗaya. Na hana ta, ta tambaye ni ko ni na haife ta. Kafin mako ya zagayo matar mamacin ta bi shi, Inna kuma ta kwanta da zazzaɓi da tari.

Da na ce za mu asibiti sai ta riƙe hannuna ta ce, “Hajara, in mutuwa ce na yarda. Amma kada ki bari a sa ni a leda kamar kifin madatsar Jabal Awliya. A wanke ni, a yi mini bika. Rantse.”

Na rantse.

Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Na san yadda ake tace mutane a ƙofar asibitinmu, domin ni nake goge teburin kullum. A auna zafin goshi, a yi tambaya uku, mai zazzaɓi ya bi hagu zuwa azal, sauran su bi dama. Sai na ba Inna ƙwayar farasitamol biyu awa guda kafin mu isa, na riƙa shafa mata jiƙaƙƙen tawul a cikin mota har muka tsallake gada. Da safen nan Marisel ce a kan tebur. Ta ɗora na’urar a goshin Inna, babu zafi. Ta tambaya ko wani ya yi ciwo ko ya rasu kusa da mu, na ce babu. Na ce tsohuwar asmarta ce ta tashi, ciwon da ita ma ta san Inna da shi. Ba ta ko ɗaga kai ta dube ni ba, domin ba ta ga dalili ba. Ta rubuta ɗakin dama, ta ce ita da kanta za ta sa wa Inna na’urar shaƙar magani in ta tashi daga ƙofa.

Kwana uku tana yi. Ta sunkuya a kan fuskar Inna, tururin magani yana tashi, Inna tana tari, ita kuma tana tsokanarta wai ta ƙi mutuwa ne don kada a gaji tukwanenta. A fuskarta babu komai sai takunkumin takarda mai shara-shara. Masu kaurin an kulle su a kabad, na ma’aikatan azal ne kawai. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari: asibitin ya bar su da takunkumi ɗaya na kwanaki, kuma da aka rufe gadoji saboda annobar, su baƙin da ke kwana a gidan ma’aikata bayan asibiti aka ɗora wa aikin mutum biyu, tunda ba su da dangin da za su yi hayaniya a kansu. Na daɗe ina fakewa da wannan. Gaskiya ne, amma ba asibitin ne ya jiƙa tawul ba.

A rana ta uku numfashin Inna ya tsananta, likita ya sa aka yi mata gwajin korona, aka mayar da ita azal ɗin da na yi ƙarya don ta kauce masa. Marisel ta tare ni a baranda wajen famfo, tana wanke hannu kamar kullum. Ta ce, “Hajara, kin sani?” Na ce wallahi ban sani ba. Ta dube ni na ɗan lokaci, ta ce to, ta rufe famfon ta koma aiki. Har yau ban san ko ta yarda ba.

An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. A gidanmu ba haka aka yi ba. Ni ko atishawa ban yi ba. Inna, mai shekara saba’in da asma, ta tashi bayan mako biyu tana neman koko. Marisel, mai shekara arba’in da huɗu, ita ce ta kwanta, a lokacin da tukunyar iskar numfashi ta zama abin rububi a garin. Sau ɗaya ta kira ni a waya, magana biyu ta huta, ta ce in gaishe da Inna, in kuma hana ta zuwa makoki.

Da ta cika, filin jirgi a rufe yake, babu zancen kai gawa gida. Mutum huɗu cikin fararen riguna suka sauke ta a maƙabartar Kiristoci da tsakar rana, cikin leda, limamin cocinsu yana addu’a daga nesa. Ni ina bakin ƙofa na ɗaga waya sama don Liza da kakarta su gani ta bidiyo. Yarinyar tana ta roƙona in tsayar da hoton wuri ɗaya. Duk abin da Inna ta ji tsoro, shi aka yi wa Maryamarta, ba a rage ko ɗaya ba.

Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga Khartum ta yau. Bayan shekara uku yaƙi ya zo ya cinye abin da annoba ta rage. A watan jiya na tsallaka na leƙa asibitinmu, babu ƙofa, babu gado, an zare har wayoyin bango, famfon barandar ma an kwance shi. Ina jin da ta tsaya ta riƙe ƙugu ta tambayi inda za a wanke hannu, sannan ta nemi tsintsiya. Ni ban nemi komai ba, na juya. Maƙabartar kuma ciyawa ta rufe ta, allunan katako sun zube, na yi ta zagaye har rana ta kore ni ban tabbatar da kabarinta ba.

Inna ta rasu a shekarar farko ta yaƙin, rashin magani. Na cika rabin rantsuwata, na wanke ta da bokiti guda ni da wata maƙwabciya. Maza huɗu suka yi mata salla a gurguje suka binne ta a filin makarantar unguwa, harbi yana tashi. Babu wanda ya zauna makoki. Ta tafi ba ta san abin da na biya don bikar da ba a yi ba, domin ban taɓa gaya mata cewa ta sanadinta Maryama ta kamu ba.

To me ya saura na Marisel? Da zan so in ce darasi, amma da kwalara ta zo bayan yaƙi na ga mutanenmu suna ɓoye majiyyata kamar yadda na yi, saboda tsoro iri ɗaya. ’Yan ƙasarsu kuma har gobe suna cika jirage zuwa asibitocin duniya, su tsaya a gaban ciwon da masu gida ke gudu, in sun faɗi a kawo wasu. Ban ga abin da ya canza ba, kuma ban sa rai ba.

Abin da ya saura Liza ce. Tun ranar binne uwarta take kirana, Tita take ce mini, wato gwaggo. Bana ta gama karatun jinya, ta samu aiki a wata ƙasar Larabawa. Da ta kira ta gaya mini tana murna, sai ta ce abu ɗaya ne yake damunta: uwarta da ba ta wasa da tsabta, ina ta yi kuskure? Tana so ta sani don ta kiyaye.

Na buɗe baki in faɗi gaskiya. Abin da ya fito shi ne, “Uwarki ba ta yi kuskure ba. Amma in dangin majiyyaci suka ce miki babu komai, kada ki yarda. Ko da ƙawarki ce, ko da kin ci tuwo a gidansu.”

Ta ce za ta riƙe. Ta ce ta gode wa Allah da uwarta ba ta mutu cikin baƙi zalla ba, tana da mutum irina a kusa.