Makero da Taguwar Kaka

Ina ɗan shekara takwas na taɓa shafa toka a kaina, na je gaban Kaka ina susa kamar biri, na ce makero ya kama ni. Ƙarya nake. Tatsuniya nake so, kuma a gidanmu, can ƙauye kusa da Tarka, ba a samun tatsuniya sai da makero.

Kaka tana da taguwa guda, wato raƙuma, ja, tsohuwa. In makero ya ci kan yaro, sai ta tari fitsarin taguwar a ƙoƙo tun da safe, bayan magariba a aske kan, ta shafa. Ba ka tashi sai ya bushe. Wari kuwa, wallahi ƙudan da ya bi ta kanka sai ya faɗi sumamme. To wa zai zauna? Shi ya sa take ɗaure mu da labari a bakin wuta.

Ran nan ta lashi yatsa ta goge tokar. "Maigidana, ai wannan makeron murhu ne. Amma tunda ka roƙa..." Ta juye mini rabin ƙoƙo.

Shekarar da ruwa ya ƙi, rumbunmu ya ƙare tun kafin bazara. Baba ya fara zancen kai taguwar kasuwar Belbeji. Kaka ba ta iya ce masa kada ya yi. Ɗanta ne na fari, ko sunansa ba ta faɗa, balle gardama.

A lokacin makero na gaske ya cinye kan ƙanwata Hadiza. Kaka ta zaunar da ita ta shafa mata, Baba yana gefe yana tufka igiya.

"Ku toshe hanci ku buɗe kunne, ga ta nan tafe," in ji Kaka.

Ta ba mu wadda muka sani. Wani gari aka yi yunwa, mutane suka kori tsohuwar taguwa don ta daina ba da nono. Ta yi arewa. Sai makero ya sauka a kan yaran garin, ya hau har kan mai gari, rawani ya ƙi zama don susa. Suka fita nemanta suna kiranta. Nan Kaka ta yanke labarin.

"Kaka, ƙarasa mana! Ai takan dawo."

"Yau ba ta dawo ba."

Na yi ta mita cewa an cuce mu, mun sha wari a banza. Baba bai ɗago kai ba, ya ce, "Inna, yaran nan hatsi za su ci."

"Na sani," ta ce da wutar.

Yanzu da nake karatu a Tanout nake gane cewa tatsuniyar daren nan ba tamu ba ce. Roƙo ne, ta hanyar da kunya ta bar mata. Nakan nemi wanda zan ba laifi tsakaninsu, har yau ban samu ba.

Ranar kasuwa Baba ya ja taguwar da igiyar da ya tufka. Hatsin da ya kawo ya kai mu damina. Na ga kawunan da fitsarin ya warkar, amma na Hadiza sai da aka ba ta ƙwayoyi a gidan likita. Kaka ba ta sake yi mana tatsuniya ba. Ta rasu kafin a yanke gero.