Baffana da Karatun 'Yan Kallo

Jiya ina kare kundin digirina na uku a kimiyyar siyasa, sai wani farfesa ya tambaye ni me ya sa babu muryar tsofaffin 'yan siyasar karkara a ciki. Nan take baffana ya faɗo mini a rai, raina kuma ya ɓaci.

Wan mahaifina ne. Ya yi shekaru yana yawon jam'iyya a kan keke tsakanin Tafashiya da Kusada, har ɗauri ya sha. Bai taɓa kiran karatuna da sunansa ba, kullum "karatun 'yan kallo" yake cewa.

Wata damina na je zaurensa da rikoda. Warin jiƙaƙƙiyar tabarma da garin taba ya cika wurin, abokansa na zazzaune. Na durƙusa na ce, "Baffa, tarihinku nika son in rubuta."

Ya tofar da tukar goro dab da gwiwata. "Ka taɓa shan kulki saboda ƙuri'a? Mu mu sha wuya, kai a kira ka dokta? Ɗauki abinka ka ba mu wuri."

Suka bushe da dariya. Na fita cikin ruwa, ban sake komawa ba. Bayan wata huɗu ya rasu da duk abin da ya sani, bai bar wa kowa ba.

Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka kabarinsa. Ni kuma Allah Ya sanyaya mini zuciya, don har yau ban gama yafe masa ba.