Ranar Da Kwamfuta Ta Gano Wa Gyaɗa Olsa

Katsina, Laraba

Ƙarfe biyar da rabi, ina sallame sallar asuba, na ɗauki jaka na nufi tasha. Labari ne ya tayar da ni: wai Yayata Hajara, da ke Karare, ta ajiye ƙwayoyin ciwon sugarta mako uku ke nan. Wani mai kwamfuta a kasuwar Batsari ya auna ta, ya ce ba ta da suga, dattin hanta ne kawai, ya haɗa ta da garin magani.

Kuɗin mota ya ninka na bara. Mu huɗu a baya, biyu a gaba, ga buhun taki a kan ƙafata.

"Baba, ka yi haƙuri da matsin," in ji direba.

Na ce, "Ɗana, na taɓa kwana biyu a kan buhunan albasa daga Agadas. Ja mu je."

Mun wuce shinge huɗu. A na ƙarshe wani ɗan sa-kai ya leƙo, ya ga furfura, ya ce Allah ya kiyaye hanya. Ƙarfe takwas saura kwata muna Batsari. Na sha koko da ƙosai, na hau babur zuwa Karare.

Karare

Na iske Yaya ta rame, kofin ruwa ba ya barin hannunta. Amma bakin nan yana nan.

"Auta, yawon duniya ya ƙare ne ka tuna da mu?"

Shekarata saba'in da ɗaya, har yau Auta nake. Bayan mun gaisa, na tambayi jiki da mutanen gida, sai na kawo zancen magani. Ta ɗaga mini hannu.

"Kwamfuta ce fa ta faɗa. Kai da ka yi boko za ka yi musu da kimiyya?"

Can na hango wani jiƙaƙƙen tsumma a gindin randa. Ta ce irin gyaɗa ne aka kawo mata, ta naɗe ƙwaya ashirin a ciki ta ga nawa za su tsira kafin ta zuba a gona. "Wa zai shuka iri a wannan tsadar don kawai mai shi ya rantse?"

Wallahi sai da na miƙe tsaye don murna! Na ce, "Yaya, ai abin da ake kira kimiyya ke nan. Kin gwada iri, kin gwada kwamfutar?"

Ta dubi tsumman. Sai ta ce, "Gobe kasuwa."

Batsari, Alhamis

Ƙarfe goma muna gaban rumfar mai kwamfutar. Mutum ne mai fara'a, da farar riga irin ta likitoci. Za ka riƙe wani ƙarfe mai waya, minti ɗaya, sai allo ya cika da zane ja da kore. Na ga irin wannan akwati a Kumasi, na gan shi a Maraɗi, can da Faransanci yake rubutu. Ko'ina kuwa ban taɓa ganin wanda akwatin ya ce wa lafiyarsa ƙalau ba.

Yaya ta ciro tsumman gyaɗarta ta naɗe ƙarfen da shi, ta janye hannu.

"Ɗan nan, auna mini wannan."

Ya yi dariya. "Hajiya, ai sai jikin mutum take karantawa. Ba za ta ce komai ba."

"To danna mu gani."

Jama'a sun taru, ba halin ƙi. Ya danna. Allo ya soma gudu, ja da kore suka fito reras! Na sa tabarau na karanta da ƙarfi, ina fassarawa: olsa, dattin hanta, da raunin ƙashin baya.

Kasuwa ta kwashe da dariya. Wani Bafulatani ya ce mini da Fulatanci a tambaya ko gyaɗar tana da hawan jini. Mai kwamfuta ya share goshi ya ce zufar hannun Hajiya ce ta shiga tsumman.

Na ce, "Malam, ɗazu ka ce ba za ta yi magana ba. Ta yi, ka ce daidai ne. Da ta yi shiru ma daidai ne. To wane sakamako ne zai nuna ta yi kuskure?"

"Ba ta kuskure, Alhaji."

Nan ya gama ba ni amsa. Abin da babu yadda za a kama shi da kuskure, babu yadda za a tabbatar da gaskiyarsa. Farar riga da allo da Turanci duk tufafin kimiyya ne, ana iya aro.

Safana

Ƙarfe ɗaya muka sami mota, muka isa kafin la'asar. 'Yar abokina, Malama Bilkisu, tana aikin awon jini a wani ƙaramin asibiti a can. Na'urarta ba ta kai tafin hannu ba. Yaya ta kalle ta a raine.

"Ita ma sai na gwada ta."

"Bismillah, Inna," in ji Bilkisu, har da gyara mata kujera.

Yaya ta matso ruwan tsumma a kan tsinken awon. Na'ura ta ƙi, ta nuna alamar ba jini ba ne. Aka soki yatsana, lamba ta fito daidai. Aka soki na Yaya, Bilkisu ta ɗaure fuska. Ta ce bari ta sake, ko ita ce ta yi kuskure. Ta sake, lambar tana can sama.

"To ƙafata da ke mutuwa fa?" in ji Yaya.

"Wannan ban sani ba tukuna, Inna. Sai likita ya duba ki da safe."

Yaya ta juyo gare ni. "Ka ji? Ta ce ba ta sani ba. Wancan kuwa har ciwon gyaɗa ya sani." Ta kwance bakin zanenta, ashe ƙwayoyin sugarta suna ƙulle a nan tun fitowarmu. Ta ce a ba ta ruwa.

Mun kwana gidan mahaifin Bilkisu, aka yi mana tuwon dawa da miyar kuka, Yaya an rage mata malmala tana mita.

Komawa, Juma'a

Likita ya gan ta, ya gyara mata magani, ya ce ta dawo bayan mako biyu. Na sa ta a mota, ni kuma na biyo ta Dutsin-ma, na shiga gida ana kiran magariba. Na gode wa Allah, na gode wa Bilkisu da mahaifinta, da direbobin da ke bin wannan hanya a wannan hali.

Ranar Lahadi Yaya ta bugo waya. Ƙishirwar ta ragu, in ji ta.

"Auta, sha bakwai sun tsira cikin ashirin. Da olsar tasu da komai, gobe zan shuka."