Kan Batirin da Baba Ilu Ya Cire

Wata rana, a wani gareji da ke Ƙofar Ruwa, aka kawo wata mota 'yar yayi, za a sake wa ƙwaƙwalwarta rubutu da kwamfuta.

Garejin na Baba Ilu ne. Shekara arba'in yana gyara da kunne da sifana. Da motocin zamani suka gagari kunnensa, sai ya ba Sadisu, mai gyara da kwamfuta, rabin rumfarsa.

Sau uku yana roƙon Sadisu ya nuna masa yadda aikin yake. Sau uku Sadisu yana kawar da fuskar kwamfutar gefe.

A ranar, Sadisu ya jona kwamfuta, rubutu ya fara shiga, ya tafi cin abinci. Bai ce wa kowa uffan ba.

Baba Ilu ya zo wucewa, ya ga wayoyi a jone, batir kuma da wuta. Shi kuwa karatun farko da ogansa ya koya masa, har da ranƙwashi, shi ne ba a taɓa wayar mota sai an cire kan batir.

Don kada motar mutane ta ƙone a hannun Sadisu, ya sa sifana ya cire.

Rubutu ya tsaya a rabi. Ƙwaƙwalwar ta mutu murus.

Sadisu ya dawo. Ga mai mota, ga makanikan layin sun taru.

Sadisu ya ce, "Wane jahili ne ya taɓa batirin nan?"

"Ni ne, ɗana. Kare ka na yi."

"Baba, ita wannan ƙwaƙwalwar in ta mutu, ana sayo wata. Taka ce ko a gwanjo an daina kawo irinta."

Aka bushe da dariya. Cikin masu dariyar har da waɗanda shi ya koya wa riƙon sifana.

Kafin la'asar, sunansa ya koma Baba Cire-Batir. Masu mota suka riƙa wuce shi ko sallama babu.

Bayan wata biyu ya naɗe sifanunsa a tsumma, ya koma ƙauye. Yau sunan Sadisu ne a allon garejin.

Darasi: "Baba, kada a taɓa batir." Kalma biyar kacal Sadisu ya yi wa Baba Ilu rowarsu. Ƙwaƙwalwar mota ana goge ta a sake rubutu, amma abin da ka rubuta a zuciyar dattijo da shi zai shiga kabari.

Ku tura wa duk wanda sabon ilimi ya fara kumbura masa kai.